Kwana 60 a bukkar katako: littafin aikin bazarar 2024

Asabar, 15 ga Yuni, 2024 (rana ta 1)

Na iso bukkar da la'asar sakaliya, bayan tafiyar ƙafa ta kusan minti 40 daga inda hanyar mota ta ƙare. Ta yayana ce: ɗaki guda na katako mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, da 'yar baranda a gaba da rufin kwano, kuma shekara uku ke nan rabon da wani ya kwana a cikinta. Yarjejeniyar da muka yi da shi ita ce in zauna kwana 60, in gyara rufin, in haɗa hanyar tara ruwan sama, sannan in tanadi itacen da za a ƙona idan sanyi ya shigo. Sharaɗin da na ƙara wa kaina, wanda shi bai nema ba, shi ne in yi wannan zama ba intanet, ba kiran waya. Da na faɗa masa haka dariya ya yi, ya ce, "Kai da ko abinci ba ka iya ci sai da waya a hannu? Na ba ka mako guda." Na ce, "Yaya, mu zuba mu gani."

Na kashe wayar na sa ta cikin gwangwani na ɗora a kan kanta. Kowace Lahadi zan hau tudun da ke bayan bukkar, inda aka ce ana samun sabis, in kunna ta minti 10 in aika wa iyali saƙo guda cewa ina lafiya. Na bar musu taswirar wurin da na zana da hannu da kuma ranar komawata, domin wanda ya yanke hulɗa da mutane bai kamata ya yanke hanyar da za a neme shi ba. Yau a baranda zan kwana, saboda abin da na gani a cikin ɗakin.

Litinin, 17 ga Yuni (rana ta 3)

Kwana biyu na yi ina fama da gadon da ɓeraye suka bari. Kashinsu ya cika kanta da bayan murhu, sun kuma yi sheƙa a cikin wata tsohuwar katifa. Hannuna ya kai ga tsintsiya kafin in tuna cewa share busasshen kashin ɓera a rufaffen ɗaki shi ne abin da aka fi hana mutum yi, domin ƙurar da ke tashi tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira hantabairos. Sunan yana ruɗin mai jin Hausa, amma ba ruwansa da hantar jiki. Daga kogin Hantan na Koriya ta Kudu aka samo shi. Na buɗe ƙofa da tagogi biyu na fita na ba iska minti 30, na dawo da safar hannu ta roba da takunkumi, na gauraya ruwan bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, na jiƙa kowane lungu sharkaf, na jira minti biyar, sannan na kwashe da tsumma. Katifar kuwa na fitar da ita gaba ɗaya. Na gano ramuka huɗu a ƙasan bango na toshe su da guntun kwano da ƙusa, tunda ɓera na iya kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba.

Alhamis, 20 ga Yuni (rana ta 6)

Yau ce rana mafi tsawo a shekara ga arewacin duniya, lokacin da karkatar duniya ta digiri 23.4 ta fi fuskantar da wannan ɓangare ga rana. A nan hasken ya kai awa 16, don haka na zaɓi yau in kafa farantin sola. Mai wat 100 ne, na fuskantar da shi kudu a kan wasu katakai biyu, na haɗa shi da na'urar daidaita caji, daga nan zuwa batir mai bolt 12. A lissafin takarda batirin yana ɗaukar abin da zai kunna wat 1,200 na tsawon awa guda, amma irin mai dalma ne, wanda idan ana zuƙe shi fiye da rabi yakan mutu da wuri, saboda haka rabin kawai nake ƙidayawa nawa. Ƙwayayen fitila biyu masu wat 3 da ƙaramar rediyo su ne duk abin da ke kansa. Wani zai ce wannan ai ba yanke wuta ba ne. Na yarda, amma na gwammace ƙwan lantarki a kan fitilar kananzir a ɗakin da bangonsa da daɓensa duka katako ne.

Lahadi, 23 ga Yuni (rana ta 9)

Na hau tudu da niyyar minti 10, na sauko bayan minti 50. Saƙon iyali bai ci minti ɗaya ba. Sauran duk ya tafi ne wajen karanta abubuwan da, yanzu da nake rubutu da magariba, ba zan iya tuna ko uku daga cikinsu ba. Daga mako mai zuwa zan rubuta saƙon tun a ƙasa, in bar intanet ɗin wayar a kashe, in tura shi a matsayin saƙon tes kawai.

Abin da ya fi ba ni kunya a wannan mako shi ne hannuna na dama. Yakan zarce aljihu da kansa duk lokacin da na ajiye guduma, ko ina jiran ruwa ya tafasa, kuma sau biyu na ji kamar wani abu ya girgiza a cinyata alhali aljihun wayam yake.

Juma'a, 28 ga Yuni (rana ta 14)

Ruwan da na zo da shi ya ƙare ranar Talata, na koma ga rijiya. Taku 140 ne daga ƙofa, kuma jarka mai lita 20 idan ta cika nauyinta kilo 20 ne, abin da na sani tun a makaranta amma ban san shi da kafaɗata ba sai yanzu. Ruwan farko da na jawo yana da wari da launin ƙasa. Wani dattijo da gonarsa ke da nisan kilomita biyu daga nan ya biyo yana neman akuyarsa, ya tarar da ni tsaye ina kallon guga. Na gaishe shi na ce, "Baba, anya wannan rijiya ba ta mutu ba?" Ya leƙa ya ce, "Ɗana, ba mutuwa ta yi ba, barinta aka yi. Ka yi ta ja kana zubarwa har sabo ya tsattsafo." Guga 60 na ja a kwana biyu, hannuwana suka yi kanta, kuma a safiyar yau ruwan ya fito garau.

Garau ɗin ba shi ke nuna tsabta ba, don haka duk ruwan sha sai na tafasa shi, ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur. A kan tsaunin da ya haura mita 2,000 minti uku ake so, saboda a can ruwa kan tafasa tun bai kai digiri 100 ba, amma nan ƙasa muke. Na kuma auna tazarar da ke tsakanin masai da rijiya na samu ta wuce mita 30 da ake buƙata, kuma masan yana gangare, rijiyar tana sama. Wanda ya gina wurin ya san abin da yake yi.

Yanzu lita 18 zuwa 20 nake kashewa a rana, har da wanka da wanke-wanke. Ruwan da na wanke kwanuka da shi nake ɗauraye baranda, ba don wata aƙida ba, sai don taku 280 na zuwa da dawowa.

Juma'a, 5 ga Yuli (rana ta 21)

Barcina ya sauya ba tare da na tsara ba. A da sai ƙarfe ɗaya na dare nake kwanciya. Yanzu kafin goma da rabi idona ya rufe, kuma ina farkawa kafin fitowar rana ba agogo. Kafin in taho na karanta wani bincike da Kenneth Wright na Jami'ar Kolorado da ke Amurka ya wallafa da abokan aikinsa a 2013, inda suka kai mutum takwas zaman tanti na mako guda a tsaunukan Roki, ba tocila, ba waya, sai hasken rana da na wutar itace, suka tarar cewa lokacin da jiki ke fara sakin sinadarin melatonin mai kawo barci ya riƙa zuwa da wuri da kusan awa biyu. A lokacin na ɗauka mutum takwas sun yi kaɗan a kafa hujja da su, kuma har yanzu ra'ayina ke nan, sai dai ga shi na zama na tara. Ban san ko duhun ne ya yi mini aiki ko gajiyar jan guga ba, ina dai zargin duka biyun.

Daren jiya babu wata, na tilasta wa kaina zama a waje. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma haska tocila sau ɗaya yana mayar da mutum farko. Da na haƙura na zauna, sai farin zanen nan na taurari ya bayyana daga wannan gefen sama zuwa wancan, kamar an barbaɗa gari.

Talata, 9 ga Yuli (rana ta 25)

Hadarin farko na gaske ya taso jiya da yamma ina kan tsani ina ɗaura indararo. Na ga walƙiya na ƙirga har 15 kafin in ji tsawa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, ke nan tsawar tana nisan kilomita biyar, kuma wannan ya yi kusa da yawa ga mutumin da ke riƙe da ƙarfe a bakin rufin kwano. Na sauko, ban sake hawa ba, domin ƙa'idar ita ce a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe, kafin nan kuwa duhu ya yi.

Ruwan ya yi mini aikin da na kasa yi a mako uku na leƙe-leƙe. Ana tsaka da shi na ɗauki tocila da alli, na bi silin ɗin ciki ina zagaye duk inda ɗigo ya ɓullo, na sa kwano a ƙasa. Wuri biyar na samu, kuma da na hau da safe na tarar huɗu daga cikinsu ramin ƙusa ne: robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar ta bushe ta farfashe saboda rana, ruwa yana bin jikin ƙusar yana sauka. Na biyar ɗin kuskuren wani ne tun asali, domin an buga ƙusar a kwarin kwanon, inda ruwa ke gudu, maimakon a kan tudunsa. Na zare tsofaffin ƙusoshin na maye gurbinsu da sukurori masu sabuwar roba, na liƙe ramin kwarin da faci. Akwai sauran ƙusoshi sama da ɗari masu shekaru ɗaya da waɗannan, kuma ba sai an gaya mini cewa suna kan layi ba.

Na ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, da safe na sa rula na samu milimita 14. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rabin rufin da na sa wa indararo kuwa murabba'in mita 12 ne, ke nan lita 168 ya kamata in samu. Abin da ya shiga duro bai wuce 130 ba, saboda na bar ruwan farko ya zube da ƙura da kashin tsuntsayen da ya wanko, wani kuma ya tsallake indararon inda ban gama ɗaurewa ba. Duk da haka wannan jarka shida ce da ban ɗauko a kafaɗa ba. Na rufe bakin duron da raga saboda sauro.

Lahadi, 14 ga Yuli (rana ta 30)

Rabi ya tafi. Saƙon tudu ya ci minti huɗu, har da jiran sabis.

Na zo nan da hoton kaina zaune a baranda ina karatu tun safe har yamma, kamar yadda kowa ke zana irin wannan zama. Da na lissafa ranar jiya sai na ga ɗiban ruwa da tafasawa sun ci awa ɗaya, hura wuta da girki da wanke-wanke awa biyu, wanki da hannu kusan awa ɗaya, faskare awa biyu, aikin rufi awa uku. Lokacin da wayar ta saki bai zauna banza ba, ayyukan da famfo da wayar lantarki da injin wanki ke yi mini a ɓoye ne suka raba shi a tsakaninsu. Karatun da nake samu bai fi na awa ɗaya ba, sai dai nakan yi shafi 40 a zama guda ban ɗaga kai ba, abin da na manta rabon da in yi.

Kewar da nake ji ba ta labarai ba ce, domin rediyo na ba ni na minti goma da safe kuma sun ishe ni. Abin da ke damuna shi ne tambaya ta taso in rasa inda zan duba nan take: sunan wani tsuntsu mai jan ƙirji da ke sauka kan duro, ko shekarar da wani abu ya faru. Na ware shafin ƙarshe na wannan littafi ina tara su, yanzu sun kai 31. Da na sake karantawa yau, bai fi guda takwas ba da har yanzu nake son amsarsu.

Lahadi, 21 ga Yuli (rana ta 37)

Ɗan ƙanwata mai shekara 11 ya yi kwana uku a nan, yau aka zo aka ɗauke shi. Tambayarsa ta farko da ya shigo ita ce, "Kawu, ina ake sa caji?" Ta biyu kuma, "To da daddare me kake kallo?" Wunin farko ya yi shi yana zumɓure baki, na biyu kuwa sai da na yi da gaske kafin in raba shi da guga.

Daren Juma'a ina duba jikinsa, kamar yadda nake duba nawa kullum bayan shiga ciyawa, na ga kaska a bayan gwiwarsa, ƙarama kamar ɗigon biro. Ya ce in ƙona ta da ashana. Na ce masa a'a, ƙonawa ko shafa mai na iya sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikin mutum. Na kama ta da matsefata daf da fata, na ja a miƙe a hankali ba murɗawa, ta fito duka har da kanta, na wanke wurin da sabulu. Kaska a irin waɗannan dazuzzuka na iya ɗaukar cutar Laim, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Konetikat ta Amurka inda aka lura da ita a jikin yara a 1975, kuma cire ta cikin kwana guda yana rage haɗarin ƙwarai. Na rubuta wa mahaifiyarsa kwanan watan a takarda, na ce ta sa ido wata guda, idan ta ga jan tabo yana faɗaɗa ko zazzaɓi ta kai shi asibiti.

Asabar, 27 ga Yuli (rana ta 43)

Itacen da na faskara ya kai layi biyu a gefen bukka, na ɗora shi kan sanduna don kada ya taɓa ƙasa, na rufe samansa kawai na bar gefe iska na ratsawa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, abin da kan ɗauki wata shida zuwa shekara ko fiye. Ke nan abin da na sare ɗanye a Yuni ba na sanyin bana ba ne, kuma dole in gaya wa Yaya haka. Na ware matattun rassan da suka bushe a tsaye, su ne za su yi bana. Dattijon ya nuna mini gwajinsa: a buga guda biyu da juna, busasshe yana ƙara ƙwal, ɗanye kuwa sai dai a ji dum.

Na kwance bututun hayaƙin murhu na tarar da tsohuwar sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ƙasanta kuma baƙin maiƙo mai kama da kwalta, wanda hayaƙin ɗanyen itace ke tarawa kuma shi ke kama wuta a cikin bututu. Da a waje nake girki duk wannan lokaci, ban san hatsarin da ke jira ba. Murhun da bututunsa ya toshe yana cika ɗaki da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Na kankare bututun, na sa raga a samansa, na kuma rataye na'urar gargaɗi mai batir kusa da gado. Ita kaɗai ce na'urar da ba za a kashe ba a wannan ɗaki.

Alhamis, 1 ga Agusta (rana ta 48)

Kwana huɗu a jere batirin yana wayar gari a bolt 12.0, alhali cikakkensa 12.6 ne ko sama kaɗan. Na zargi batirin, na zargi waya, na kwance na ɗaura, sai jiya da hantsi na lura cewa inuwar wani reshe tana kwanciya a kusurwar farantin. A Yuni ba ta kai wurin, amma rana ta yi ƙasa da kusan digiri biyar tun daga lokacin, inuwa ta ƙara tsawo. Ƙananan gidajen farantin a jere aka haɗa su, shi ya sa inuwar da ba ta fi tafin hannu ba take rage ƙarfin da ya fi girmanta nesa. Na matsar da shi mita biyu na goge shi da tsumma.

Juma'a, 9 ga Agusta (rana ta 56)

Batirin ya dawo 12.6. Ƙusoshin rufi 84 na sauya, saura kusan 30 a ɓangaren arewa, kuma sukurorin da suka rage mini 22 ne, don haka zan fara da waɗanda robarsu ta fi lalacewa in yi wa sauran alama da fenti. Indararon ɗaya gefen bai samu ba, domin babu duro na biyu. Matakala ta biyu ta baranda ta ruɓe, na yanke katakon da zai maye ta amma ban buga ba.

Daren ƙarshe da zan yi a nan, 12 ga wata wayewar 13, ya zo daidai da lokacin da zubar taurarin Agusta ke kai ƙololuwa. Ɓurɓushin tauraro mai wutsiya ne da ake kira Swift-Tuttle, wanda aka gano a 1862 kuma yake zagaya rana sau ɗaya a shekara 133. Duniya na ratsa turbarsa kowace shekara, ƙwayoyin da yawancinsu ba su fi yashi ba suna shigowa da gudun kilomita 59 a daƙiƙa suna ƙonewa. Bana wata rabi ne kuma zai faɗi wajen tsakar dare, ke nan sai in kwanta da wuri in tashi ƙarfe biyu. Dattijon ya ce zai zo da tabarmarsa idan babu gajimare.

Shafin tambayoyi ya kai 44. Tsuntsun mai jan ƙirji yana nan a lamba ta uku, ban soke shi ba. Gobe da sassafe zan hau rufi kafin kwanon ya ɗau zafi, matakala kuma sai bayan la'asar.